Tambayoyinku: Ofishin Tara Gudummawa a Sakandaren Katolika ta Amurka

Wasiƙun wannan fitowa sun haɗu a kan batu guda, wato yadda makarantun sakandare na ɗarikar Katolika a Amurka ke samun kuɗin riƙe kansu, da ofishin da suke warewa domin wannan aiki kaɗai. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanena yana koyar da lissafi a wata sakandaren Katolika a Amurka. Ya ce mini akwai ofishi guda a makarantar mai ma'aikata biyar ko shida, ba sa shiga aji, aikinsu kawai neman kuɗi wurin tsofaffin ɗalibai da iyayen yara. To ai makarantar kuɗi take karɓa, kuma ba kaɗan ba. Wannan ba haɗama ba ce? Yaushe aka fara haka?
Wani malami mai ritaya, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba haɗama ba ce. Abin da iyaye ke biya a yawancin waɗannan makarantu bai kai abin da ake kashewa kan yaro ba, kuma da gangan ake barinsa a ƙasa. Ga lissafin misali. A ce makaranta na da ɗalibai 600, tana kashe dala 18,000 kan kowane ɗaya a shekara, amma dala 15,000 take karɓa. Giɓin dala 3,000 ne sau 600, wato dala miliyan 1.8, ba a ma sa rangwamen da ake yi wa 'ya'yan marasa ƙarfi ba. Wannan giɓin ne ofishin da ɗanka ya gani yake cikewa duk shekara.

A da babu ofishin, domin akwai masu cike giɓin da guminsu. A 1884 bishop-bishop na Amurka suka yi babban taro a birnin Baltimore, suka yanke cewa kowane cocin unguwa ya gina makaranta cikin shekara biyu. Ba a cimma wa'adin ba, amma makarantun sun yi ta yaɗuwa a unguwannin waɗanda suka yi ƙaura daga Ailan, Jamus, Italiya da Foland. Akasarinsu talakawa ne, leburorin masana'antu da 'yan dakon tashar jiragen ruwa. Abin da ya sa suka iya riƙe dubban makarantu shi ne malaman kusan kyauta suke aiki. Sistoci ne, wato mata masu zaman zuhudu, da limaman coci da maza masu zaman zuhudu, waɗanda akasarinsu suka yi alwashin rayuwar talauci. Ba su da iyali, ba sa biyan haya, ba a tanadar musu fansho. Suna kwana a gidan da ke jikin makaranta, ɗan alawus kawai ake miƙa wa ƙungiyarsu. A 1920, kashi 92 cikin 100 na malaman makarantun Katolika irin waɗannan ne, a 1960 ma suna kusan kashi 74.

Idan rufi ya yi yoyo ko injin ɗumama azuzuwa ya tsaya a tsakiyar hunturu, sai ƙungiyar iyaye mata ta gasa kek ta sayar, iyaye maza su shirya wasan bingo da dare a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na coci, yara kuma su bi gida-gida da cakulan. Kuɗin ya shiga hannun Fada, a gyara rufi, shi ke nan. Ba wanda ke rubuta wa ya ba da nawa bara.

A farkon shekarun 1960 makarantun suka kai ƙololuwa: ɗalibai sama da miliyan 5.2 a makarantu kusan 13,000, firamare da sakandare. A 1965 sistocin Amurka sun kai kusan 180,000. Bayan babban taron bishop-bishop na duniya da ake kira Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, da sauye-sauyen zamanin, dubbai suka ajiye zaman zuhudu, masu shigowa suka ragu, waɗanda suka rage kuma da yawa suka koma wasu ayyukan. Yau sistocin ba su kai 40,000 ba, kuma kusan kashi 97 cikin 100 na ma'aikatan makarantun mutane ne masu iyali, masu buƙatar albashi da inshorar lafiya da fansho. Ɗaliban sun koma kusan miliyan 1.7, makarantun ba su kai 6,000 ba.

A daidai wannan lokaci iyalan da suka samu rufin asiri suka bar tsakiyar birane suka koma unguwannin bayan gari. Sai makaranta ta ƙara kuɗi, 'ya'yan talakawa su fice, ɗalibai su ragu, ta sake ƙarawa. Sakandare ta fi jin jiki, domin yawancinsu ba na cocin unguwa ɗaya ba ne da zai tara musu baiko, wato sadakar masu ibada, ranar Lahadi. Na dayosis ne, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop guda, ko na wata ƙungiyar zuhudu, ga ɗakunan gwaje-gwaje da filayen wasa masu cin kuɗi.

Dabarar daga jami'o'i aka aro ta. Jami'ar Yale, alal misali, tana da asusun tsofaffin ɗalibai tun 1890. A shekarun 1970 da 1980 sakandaren Katolika suka fara da mutum ɗaya, sau da yawa tsohon Fada ko kocin ƙwallo da ya san kowa, da tafireta da akwatin katunan adireshi. Daga baya aka raba shugabancin makaranta biyu, tsarin da makarantun ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit suka yi gaba wajen ɗauka: firinsifal ya riƙe karatu da tarbiyya, shugaba ya riƙe kuɗi da gine-gine da hulɗa da masu bayarwa. Ofishin gudummawa a ƙarƙashin shugaban yake, kuma shugaban da ba ya iya buɗe baki ya roƙa ba ya daɗewa a kujerar.

Tambaya: Me ya hana gwamnati ta biya malaman, tunda yaran 'yan ƙasa ne?
Wani ɗalibin shari'a, Zariya

Amsa: An gwada, kotu ta hana. A 1875 ɗan majalisa James Blaine ya kawo ƙudurin gyara kundin tsarin mulki domin haramta ba makarantun addini kuɗin gwamnati. Ƙudurin ya faɗi a Majalisar Dattawa a 1876, amma jihohi sama da 30 suka sa irin wannan hani a nasu kundin. A 1925 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Oregon da ta so tilasta wa yara zuwa makarantar gwamnati, a ƙarar da wata ƙungiyar sistoci ta shigar. Makarantun sun tsira, amma da aljihun masu su. Da sistoci suka fara ƙaranci, jihohin Pennsylvania da Rhode Island suka yi dokar tallafa wa albashin masu koyar da darussan da ba na addini ba. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe dokokin biyu a shari'ar Lemon, a daidai lokacin da makarantun suka fi buƙatar kuɗin.

Abin ya sassauta daga baya. A 2002 kotun ta amince da shirin birnin Cleveland na ba iyaye takardar tallafi su kai makarantar da suka ga dama. Jihar Arizona a 1997, da Pennsylvania da Florida a 2001, suka buɗe hanyar rage haraji ga masu ba da kuɗin tallafin karatu. A Pennsylvania kamfani na samun ragin kashi 75 cikin 100 na abin da ya bayar, ko kashi 90 idan ya yi alƙawarin shekara biyu a jere. Bin kamfanoni su cika fom kafin wa'adi ya wuce ya zama wani reshen aikin ofishin.

Tambaya: Ku ba mu misalin makaranta guda da aka san tarihinta.
Wata malamar sakandare, Jos

Amsa: Malama, ki duba Regis High School da ke Manhattan a birnin New York, ta yara maza, ta limaman Jesuit. An buɗe ta a 1914, kuma daga ranar zuwa yau ba a taɓa karɓar kuɗin makaranta a hannun ɗalibi ba. Dokta Anthony Fauci, wanda duniya ta sani a lokacin korona, can ya gama a 1958.

Mace ɗaya ce ta kafa ta, Julia Grant, matar tsohon magajin garin New York Hugh Grant, wanda ya rasu a 1910. Ta kai wa limamin cocinta, Fada David Hearn, kuɗin gina makarantar da za ta ɗauki yaran Katolika masu ƙwaƙwalwa waɗanda iyayensu ba su da hali, bisa sharaɗin kada a taɓa faɗin sunanta. An riƙe amanar ƙwarai, sai a 2009 makarantar ta bayyana sunan a hukumance. Bayan rasuwarta a 1944 'ya'yanta suka ci gaba da ɗaukar nauyin.

Fiye da shekara 50 Regis ba ta roƙi kowa ba, gida ɗaya ke biyan komai. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 abin ya fi ƙarfin dukiyar gidan, saboda tsadar rayuwa da ƙaruwar malamai masu albashi, sai makarantar ta juya ga tsofaffin ɗalibanta. Ta yi sa'a ta fuska biyu. Yaran da ta koyar kyauta sun zama lauyoyi da likitoci da manyan ma'aikatan banki, kuma maganar da za a faɗa musu gajera ce: wani ya biya maka, yanzu kai ma ka biya wa wani. Yau makarantar, mai ɗalibai ɗari biyar da ɗoriya, da ƙafa biyu take tafiya, ribar asusun dindindin, wato kuɗin da ake tsare uwarsa a ci ribar kawai, da kuma gudummawar shekara-shekara daga tsofaffin ɗalibai da iyaye.

Mu a ganinmu Regis ta sha da ƙyar ne. Makarantar da ta dogara da gida ɗaya tana iya wayar gari ba ta da ko adireshin yaran da ta yaye, kuma haɗa irin wannan rajista shekaru yake ci. Akwai waɗanda suka faɗi kafin su farga. St. Benedict's da ke Newark a jihar New Jersey, wadda aka kafa a 1868, an rufe ta a 1972, shekara biyar bayan tarzomar da ta kori iyalai da yawa daga birnin. Wasu daga cikin masu zuhudun gidan suka ƙi tafiya, suka sake buɗe ta a 1973 ƙarƙashin Fada Edwin Leahy, kuma taimakon tsofaffin ɗalibai na cikin abin da ya miƙar da ita.

Tambaya: Ni ne ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Ina son sanin su waye a cikin ofishin, kuma me suke yi daga farkon shekara zuwa ƙarshenta.
Wani mai karatu, Kano

Amsa: Ranka ya daɗe, a matsakaiciyar makaranta za ka tarar da darakta, wanda aikinsa manyan masu bayarwa ne tare da shugaban makaranta, da mai kula da asusun shekara-shekara, da mai hulɗa da tsofaffin ɗalibai da shirya haɗuwar 'yan aji, da mai shirya bukukuwa, da mai riƙe rumbun bayanai da rubuta rasit. Wasu suna ƙara mai haɗa mujallar makaranta. A ƙaramar makaranta mutum biyu ke raba wannan duka.

Shekarar kuɗi takan fara 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni. A Yuli da Agusta ake tace rajista, a kuma karɓi gudummawar 'yan hukumar gudanarwa, domin ba a fita roƙo sai an iya cewa kowannensu ya bayar. Wasiƙar farko na fita a Satumba ko Oktoba, galibi da sa hannun wakilin aji, tunda mutum ya fi jin nauyin abokin karatunsa fiye da shugaban da bai sani ba. Akwai dararen da ake zaunar da ɗalibai a ɗakin karatu su yi ta buga wa tsofaffin ɗalibai waya. Talatar da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba ta zama ranar bayarwa ta intanet tun 2012, kuma a 2015 dayosis ɗin New Orleans ya ƙirƙiro wa Katolika nasu tsarin a wannan rana. Disamba ce lokacin girbin ofishin, saboda shekarar haraji na rufewa 31 ga wata. Liyafar gwanjo takan zo tsakanin Fabrairu da Afrilu. Mayu da Yuni kuwa na bin waɗanda suka bayar bara amma bana shiru ne. Wannan jerin sunaye ya fi kowane daraja, domin dawo da tsohon mai bayarwa ya fi farauto sabo araha nesa ba kusa ba.

Rajistar ita ce jarin ofishin. Shafin mutum ɗaya na ɗauke da cikakken sunansa da sunan da ya fi so a kira shi, shekarar da ya gama, sunan matarsa, 'ya'yansa da ke makarantar, inda yake aiki (kamfanoni da yawa a Amurka suna ninka abin da ma'aikacinsu ya bayar), kowace kyauta da ranarta da abin da ya ce a yi da ita, malamin da ya fi ƙauna, da wanda ya ziyarce shi na ƙarshe da abin da suka tattauna. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne. A aika wa mamaci wasiƙar roƙo matarsa ta buɗe, ko a karkata harafi a sunan mutum cikin rahoton shekara, sai ka ga gidan ya ɗauke ƙafa ba tare da ya ce uffan ba. Manhajar da makarantu da yawa ke amfani da ita Raiser's Edge ce ta kamfanin Blackbaud. A 2020 masu kutse suka shiga rumbun kamfanin suka kwashi bayanan masu bayarwa na cibiyoyi masu ɗimbin yawa, kuma a 2023 kamfanin ya amince ya biya jihohi dala miliyan 49.5. Kada a ajiye lambar asusun banki ko ta katin mutum idan ba dole.

Al'adar sana'ar ita ce wasiƙar godiya ta fita cikin awa 48. Dokar haraji kuma ta ce wanda ya ba da dala 250 ko fiye ba zai samu ragin haraji ba sai da takardar shaida daga makaranta. Idan ya biya sama da dala 75 kuma ya karɓi wani abu a madadi, dole a rubuta masa darajar abin. Tikitin liyafa na dala 150 wanda abincinsa ya kai dala 60, dala 90 ce kawai kyauta. Kuɗin makaranta kuwa ba kyauta ba ne ko yaya aka yi masa ado, kuma makarantar da ta rubuta wa uba rasit ɗin gudummawa kan kuɗin karatun ɗansa ta jefa kanta da shi cikin rigima da hukumar haraji.

Inda ofisoshi suka fi ɓata ƙarfinsu shi ne biki. Ƙiyasin da masu sana'ar suka daɗe suna aiki da shi ya nuna liyafa na cinye kusan rabin abin da ta tara, wasiƙa ga tsohon mai bayarwa na cin kashi 20 zuwa 25, zama da babban mai bayarwa ido da ido kuwa kashi 5 zuwa 10. Amma biki ne ke da hoto da tafi, saboda haka iyaye da 'yan hukuma ke sonsa. Darakta ya shafe wata huɗu yana neman kayan gwanjo da tsara wa zai zauna kusa da wa, mutum goman da za su iya ba da ninkin abin da liyafar za ta kawo kuma ba wanda ya leƙa su.

Tambaya: Muna son gina ɗakin gwaje-gwaje. Mun taɓa ƙaddamar da gidauniya, an yi alƙawura a lasifika, rabi ba su shigo ba. Su yaya suke yi?
Shugabar wata ƙungiyar iyaye da malamai, Kafanchan

Amsa: Hajiya ko Mama, duk wanda ya dace, bambancin shi ne su taron jama'a ne ƙarshen aikinsu, mu kuwa da shi muke farawa. Tsarin ya samo asali daga Charles Sumner Ward da Lyman Pierce, waɗanda suka tara wa ƙungiyar YMCA kuɗin gini a birnin Washington a 1905 da gajeren wa'adi, da 'yan sa-kai da aka raba wa sunaye, da babbar kyauta da aka riga aka ƙulla kafin a yi shela.

Da farko ana rubuta takardar dalili, shafi huɗu zuwa shida: me za a gina, nawa zai ci, me zai canja ga yara. Sai a sa wani daga waje ya zauna da mutum 30 zuwa 60 cikin masu hali, ɗaya bayan ɗaya, cikin sirri, ya tambaye su ra'ayinsu kan shirin da shugabannin da kuma kimanin abin da za su iya bayarwa. Daga waje ake ɗauko shi domin mutum ba zai faɗa wa shugaban makaranta a fuskarsa cewa bai yarda da shi ba. Idan binciken ya nuna dala miliyan 3 za a samu ba 5 ba, a rage ginin.

Sannan a zana jadawalin kyaututtuka. Ga misali na dala miliyan 5: kyauta ɗaya ta 750,000, biyu na 400,000, huɗu na 200,000, takwas na 100,000, goma sha biyar na 50,000, talatin na 20,000. Mutum 60 ke nan, sun kawo miliyan 4.5. Sauran 500,000 daga ɗaruruwan mutane za ta fito. Kowace kyauta a jadawalin na buƙatar mutum uku ko huɗu da za a tunkara, domin ba kowa zai amsa ba. Idan kuka zauna kuka kasa rubuta sunaye uku da za su iya ba da ta saman, ba ku shirya ba tukuna.

Daga sama ake farowa a sauko, daga cikin gida a fita waje, kuma a ɓoye. Mutum biyu ke zuwa roƙo, shugaban makaranta da wani tsaran mai bayarwa wanda shi ma ya riga ya bayar. A ambaci adadi ƙarara, sannan a yi shiru a bar shi ya yi magana. Ba a kiran 'yan jarida sai an ƙulla kashi 50 zuwa 70 na abin da ake nema. Kowane alƙawari a rubuce yake, da sa hannu da ranakun biya, yawanci cikin shekara uku zuwa biyar, kuma ofishin na aika tunatarwa kafin kowace rana ta zo.

Ko da haka abubuwa na lalacewa. Wasu alƙawuran ba sa shigowa saboda mutuwa ko karayar arziki, don haka ake barin rarar kashi 5 zuwa 10 a lissafi. Ɗan kwangila na son kuɗinsa cikin wata 18 alhali alƙawuran shekara biyar ne, sai a ci bashin banki, kuma sau da yawa an manta da sa kuɗin ruwan a kasafi. Gudummawar shekara-shekara takan faɗi saboda mutane sun karkatar da ita zuwa gini, shi ya sa ake roƙon biyun a zama ɗaya. Sabon gini kuma yana zuwa da kuɗin wuta da shara da gyara har abada, wanda masu hankali ke sa asusunsa a cikin abin da ake nema tun farko.

Tambaya: Wani ya ce zai tara mana kuɗi mu ba shi kashi 10. Mu yarda?
Wani mai makaranta, Maraɗi

Amsa: Kada ku yarda, Alhaji. Ƙa'idar babbar ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka ta haramta biyan kamasho. Mai kamasho zai matsa wa mutum ya ba da kaɗan yau maimakon a yi haƙuri ya ba da mai yawa baɗi, ba zai kula da wasiyya ba tunda ba zai ga kuɗinta ba, kuma ran da mai bayarwa ya ji cewa ushirin kyautarsa aljihun wani ya shiga, kun rasa shi. A yanka masa albashi ko ladan aiki tsayayye.

Tambaya: Makarantar da tsofaffin ɗalibanta ma talakawa ne fa?
Wani katikis, Yola

Amsa: Wannan shi ne raunin tsarin, Malam: mai shi ake ƙara wa. An bi hanyoyi uku. Ta farko asusun gari guda da ke roƙon manyan 'yan kasuwa, Katolika da waɗanda ba Katolika ba, a madadin makarantun unguwannin talakawa gaba ɗaya. Kadinal Terence Cooke ya kafa irinsa a New York a 1971, Kadinal Joseph Bernardin ya kafa Big Shoulders a Chicago a 1986. Ta biyu ta Cristo Rey ce, wadda limaman Jesuit suka buɗe a 1996 a unguwar Pilsen ta Chicago, inda 'yan asalin Meziko suka fi yawa. Ɗalibai huɗu ke raba gurbin aiki ɗaya a banki ko asibiti ko ofishin lauyoyi, kowanne na yin kwana biyar a wata, albashin kuma makaranta ake biya. Yanzu akwai irinta kusan 40 a faɗin ƙasar. Ta uku ta dayosis ɗin Wichita ce a jihar Kansas, wanda daga 1985 ya ɗauki tsarin neman iyalai su ba cocinsu kashi 8 cikin 100 na abin da suke samu, coci kuma ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yan membobinsa masu himma. Wannan ba ya tafiya sai inda marasa yara a makaranta ma suka yarda su bayar.

Tambaya: Asusun dindindin da kuka ambata ba shi ne wakafi ba? Zai yi aiki a nan gida?
Wani sakataren kwamitin makarantar al'umma, Gusau

Amsa: Manufarsu ɗaya, Malam: a tsare uwar kuɗi, a ci ribar. A Amurka ana zuba kuɗin a hannun jari da takardun lamuni, a cire kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara, bisa matsakaicin darajar asusun na shekara uku da suka wuce, domin faɗuwar kasuwa ta shekara ɗaya kada ta girgiza kasafi. Asusun dala miliyan 20 a kashi 4.5 zai ba da dala 900,000. Yawancin kuɗin irin wannan asusu ta wasiyya yake zuwa, sau da yawa daga tsohon ɗalibin da ya shekara 30 yana aiko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ana kuma gode masa kowane karo.

Sharaɗin mai bayarwa ba abin wasa ba ne. Dokar cocin Katolika ta 1983, sashe na 1267, ta ce abin da aka bayar domin wata manufa, a kanta kaɗai za a kashe shi, dokokin jihohi ma haka suka ce. Shugaban da ya ari kuɗin tallafin marayu ya biya albashi, da niyyar mayarwa idan kuɗin zango ya shigo, ya karya doka ko da ya mayar.

A nan gida tarihin ya bi wata hanya daban. A farkon shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan: St. John's ta Kaduna ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Queen Amina. Legas ta mayar da wasu ga masu su a 2001, Anambra a 2011. Inda makaranta ke hannun gwamnati, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ke tsayawa a matsayin ofishin, kuma abin da za ta iya ɗauka kai tsaye shi ne rajista, da godiya cikin kwana biyu, da rubutaccen alƙawari, da rahoton shekara mai nuna kowace naira.

Lissafin kashi 5 kuwa kada ku kwafe shi ido rufe. An gina shi ne kan ƙasar da hauhawar farashi ke yawo a kashi 2 zuwa 3. A Najeriya ta haura kashi 30 a 2024, don haka naira miliyan 100 da aka kulle a banki ana cin ribarta, cikin 'yan shekaru sunanta ne kawai zai rage. Shaguna ko gidajen haya ko gona sun fi riƙe daraja, da sharaɗin a ware wani kaso na haya domin gyara kafin a taɓa sauran. Ku yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ku karɓi takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, da banki zai nema, takardun kadara su fito da sunan amintattun ba da sunan shugaba ba. Asusun wakafi daban, na hidimar yau da kullum daban, kuma kuɗi ba ya fita sai da hannu biyu cikin uku. A takardar kowace babbar kyauta ku sa layin da ke cewa idan manufar ta gushe, misali an daina koyar da darasin da aka ware wa kuɗin, amintattu na iya karkatar da shi zuwa manufa mafi kusa da ita. Ku sa mai bayarwa ya sa hannu a kan layin tun yana raye.